Ganuwa a Ƙarshen Layi

A Ƙaura Namoda, inda dogo ya tuƙe,
a inuwar tsohuwar tasha,
na shimfiɗa darar baƙi da fari
bisa teburin da nake cajin wayoyi.
Baba Nomau na gefe yana ɓarar gyaɗa,
shi da ya shekara talatin yana karkata layi
kafin jirgi ya rage zumunci da garinmu.

Na jera wasan da aka ce yana gagarar inji:
farin sarki da rarar soro guda,
baƙin sarki a laɓe bayan yaransa,
dakaru shida-shida sun haɗa goshi,
ba gaba, ba baya,
kamar raguna da suka sarƙe ƙaho.

Na miƙa wa waya. Ta ce fari ya ci.
Ta rubuta biyar da ɗigo uku.
Kafin in haɗiye yawu ta lissafa taku miliyan,
zurfi talatin, zurfi arba'in,
bayanta ya ɗau zafi kamar tanda,
lambar ko gezau.
Soro ya je gabas, ya komo yamma,
ya ƙwanƙwasa kowane bango,
baƙin sarki kuwa, taku ɗaya dama,
taku ɗaya hagu,
irin na mai gadin da ya san gari zai waye.

Baba ya hure ɓawo daga tafinsa.
"Yaro, abin nan naka ɗan awo ne.
Ya ƙirga buhu, ya ce mai buhu ya fi,
bai tambaya ko rumbun na da ƙofa ba.
Kunnen doki ne. Bar ta ta huce."

Na ce, Baba, irinta fa ke kā da gwanaye.
Ya ce, jirgi ma ya fi jaki sauri,
kai shi inda ƙarfe ya ƙare ka gani.
Sai da taku hamsin ya ƙarato
lambar ta zame zuwa sifili,
ba kunya, ba neman afuwa.

Na gusar da dakare ɗaya, gida ɗaya tak.
Baba ya leƙa: "Ai duk kanwar ja ce."
Waya ta yi shiru, tsawon shan shayi,
sannan ta ɗauki soron, dukiyarta kaf,
ta jefa shi a bakin ƙaramin dakare.
Ganuwa ta tsage.
Farin sarki ya bi ta kafar kamar ruwan Agusta.

Gyaɗar ta tsaya tsakanin yatsun Baba.
Ya daɗe yana bin gidajen da ido,
leɓensa na motsi, yana ƙirge.
"Wannan kam," ya ce, "ban hango ba."

Wata yarinya ta zo karɓar wayar gidansu.
Na ba ta, na karɓi ɗari.
Da na juyo, ya mai da dakaren gidansa na da,
yana ta kai baƙin sarki dama da hagu,
shi kaɗai, har aka kira la'asar.