Rajistar Aji Huɗu

Sahabi ya doki ƙarfen tayar da ke rataye a dogon yaro,
bugu uku na tashi, na huɗun don jin daɗinsa ne.
Kafin amon ya mutu lungunan Wurno sun shanye yaran.
Saura takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin benci,
saura ni da rajista, da farin alli a hannun riga.

Na buɗe ta.
Sittin da bakwai na rubuta lokacin da ake yankan gero.
Yau sabon gero ya kai gwiwa,
sittin da ɗaya suka amsa.

Biyu sun bi iyayensu cikin Sakkwato.
Biyu ban san inda rana ke faɗo musu ba.
Malami yana kiwo, na gan shi shekaranjiya a hanyar Lugu,
ya laɓe bayan saniya kada mu haɗa ido.
Arzika kuwa zazzaɓi ne, kwana uku kacal.
Har yau ban ja layi a kan sunansa ba,
kullum sai in ɗora wa biro laifi.

Duk da haka, Ubangiji, ga godiyata,
ko da ba ta cika mudu ba.

Na gode da Inna Luba mai ƙosan bakin ƙofa,
wadda lissafi ke ɓace mata
duk sanda yaro marar ko sisi ya tsaya yana kallon kasko.
Na gode da Jabbi kafinta.
Da hadarin farko ya yaye mana kwano,
ya hau da tsohon tsaninsa,
ya ce kuɗin ƙusa kawai,
kuɗin ƙusar ma har yau bai zo karɓa ba.
Na gode da dararen da suka wuce shiru,
ba ƙugin babura, ba gudu da goyo,
gari ya waye muka yi layi, muka duba farce.

Albashi ya yi ta tafiyar hawainiya.
Na yi fushi, ban ɓoye ba.
Akwai Litinin ɗin da na tsaya a ƙofar aji
ina tunanin rumfar ƙanena a kasuwar albasa.

A makon ne Shafa'atu,
wadda ta yi zango biyu ban san muryarta ba,
ta zo da takardar asibitin kakarta,
ta aza yatsa, ta bi baƙi ɗaya bayan ɗaya:
biyu da safe,
ɗaya da dare,
bayan an ci abinci.
Ta ɗago kai kamar wadda ta tsinci kuɗi a hanya
tana tsoron a ce ta mayar.
Kashegari tsohuwar ta aiko mini tafarnuwa ƙulli guda.
Ban taɓa karɓar albashin da ya kai shi nauyi ba.

Fatana ba mai tsawo ba ne.
Tsawonsa ɗaya da zogalen da muka dasa a bayan aji.
Sau biyu awaki suna cinye shi har ƙasa,
muka kewaye shi da ƙaya,
yau da safe na ƙirga ganye tara.

Ina fata kogi ya sha iya shansa, ya bar wa mutane shinkafarsu.
Ina fata idan an kai amfani gida
Malami ya fito daga bayan saniya.
Ba zan tambaye shi inda ya shiga ba,
zan ce a matsa masa wuri.

Na rufe taga, wadda ke rufuwa.
Na share allo, na bar kwanan wata.
Takalmin nan na ɗora shi a kan tebur,
bakinsa na duban ƙofa.
Mai shi zai dawo nema.