Faifan Iya

Daren da na dawo daga Karkanda,
gwiwata ta kumbura kamar gwanda,
na iske Iya a ƙofar ɗaki
tana tsintar wake da fitilar hannu,
an ɗauke wuta tun la'asar.

Ta ce, "Barira, kun ci ko an ci ku?"
Na ce, "Canjaras, Iya."
Ta ce, "To, mi aka yi ke nan?
A yini ana gudu a rana,
a tashi ba mai riba, ba mai asara?"

Na jawo faifan gabana,
na ware ƙwayoyi, na raba su gida biyu.
"Kin ga waɗannan? Kowace ƙwaya gari ce.
Ga ta Ikko, ga ta Fatakwal,
ga wata can inda ruwa ya fi ƙasa yawa.
Kowa sai ta je gidan kowa,
kowa sai ta sauki kowa,
kamar biki: kin kai, a kawo miki.
Wadda ta ci, maki uku.
Canjaras, ɗaya.
Wadda aka ci ta koma da bashin mota a wuya.
In kaka ta ƙare, uku nan, uku can,
su shida su haɗu gari ɗaya
a ga wadda za ta ɗaga kofi."

"Na ƙasa fa?"
"Su ake sheƙewa."
Na hura, ƙaiƙayi ya tashi ya bi iska.

"Ku kuna ina?"
Na yi shiru, na dubi buhun da ke jingine.
"Mu ba mu hau faifan ba tukuna, Iya.
Hawa uku ne, muna na fari.
Muna cikin buhu."

Dariya ta ci ta har da tari.
"An daɗe ana wannan abu?"
"Tun ba a haife ni ba.
Malama Sakina ta ce na farkon
da takalmin aro suka fara,
rigunan maza har gwiwa,
filin ma sai tsakar rana,
in masu shi sun tafi neman inuwa."

Iya ta ajiye fitila a ƙasa.
Ta miƙo ƙafar dama cikin hasken,
babban yatsa, farcen nan da bai taɓa fitowa daidai ba,
wanda na ɗauka tuntuɓe ne.

"Bayan ganuwa, ta Ƙofar Sauri.
Ni da Tambai da Dela mai kuka.
An aike mu ruwa.
Tsumma muka cusa a safar wan Dela,
tulu biyu suka zama raga.
Tambai da hagu take bugu, ba ta gargaɗi.
Kwana tara muna yi.
Na goma na auna safa, na sami dutse,
dutsen ya sami tulu.
Tulun ba namu ba ne.
Gasarmu ke nan, daga farkonta har ƙarshe.
Ba kofi, sai tsumagiya."

Ban ce komai ba.
Wani babur ya wuce ta lungu.

Ta lalubo wata ƙwaya daga buhu,
ƙarama, har da hudar ƙwaro,
ta ɗora ta a bakin faifai.
"Wannan ku ce. Na hau da ku."
Ta murza min man zafi
da hannun da ba ya sassauci.
"Asabar in kin tsaya a raga,
bar kallon ƙwallo, maƙaryaciya ce.
Dubi ƙugun mai bugawa.
Da haka nake kama ta Tambai."

Da safe muka cinye Ikko da Fatakwal
a cikin ƙosai, da koko.
Tamu tana kan taga har yau,
Iya ta hana a share wurin.