Ban-ruwa a Sararin Sama

Ƙarfe biyun dare a Aliero,
janareton sashenmu ya yi tari ya mutu.
Saura kashi goma sha ɗaya a batirin kwamfutata,
ni kuwa ina lissafin rage wa duniya cin wuta.
Na yi dariya ni kaɗai.

Igiyar da nake kiwo, terahaz sunanta.
Tana ɗaukar kaya kamar tirelar albasa mai zuwa kudu,
amma raguwa ce a tafiya.
Bango ya tare ta, ta zauna.
Laimar damina ta lashe ta.
Ko tafin hannu ka ɗaga mata sai ta ɓace.

Wata bakwai ina ɗura mata wuta ko ta yi nisa.
Na'ura ta yi zafi, nisan bai ƙaru da taku goma ba.
Dakta Kulu ta ja jan biro a shafi na arba'in:
"Wa zai sayi man?"

Ran Asabar na gudu fadama.
Na tarar da Baba Arzika yana ban-ruwa,
fetur rabin galan, gona har bakin giginya.
Ba ya sakin ruwa ya malale.
Da fartanya yake buɗe bakin fangali ɗaya,
in ya sha ya toshe da laka,
ya matsa gaba.
Wanda ya ƙoshi jiya, yau a tsallake shi.
A kan kunya, inda na ɗauka babu wuri,
ya soka tattasai.
"Ruwan da bai san inda za shi ba,
rana yake wa ƙwadago," in ji shi,
bai ko ɗago kai ba.

Da laka a ƙafata na koma.
Eriya dubu, ƙanana kamar ƙwayar gero,
na koya musu haɗa baki su dubi waya guda.
Wadda ba ta da baƙo, ta yi barci.
Na liƙa madubi a kusurwa,
yadda yake karkata ruwa ya zaga suri.

Layin ya ɗaga.
Ba da yawa ba, kamar tsiron kwana huɗu.
Kuma a cikin kwamfuta kawai.

Na kira shi in faɗa masa.
Sau uku ba ta shiga.
Sai ya hau surin nan tukuna,
kamar kullum in zai tambayi farashin buhu.