Taku Arba'in da Ɗaya

A Leon ta ƙasar Meksiko, garin dukawa,
inda warin jima ke riga rana fitowa,
shekara goma sha tara ina yanka fata
a masana'antar Don Evaristo, bayan kasuwa.

Akwai wani koren akwati a jikin bango,
da 'yar kafa a kansa, an rubuta: Shawararku.
Makullinsa ya ɓata tun kafin a ɗauke ni aiki.
Gizo-gizo kaɗai ke saka abu a ciki,
shi ma saƙa ce.

Sai aka kawo sabon manaja, Nemesio,
yaro mai ladabi, takalminsa ba na gidanmu ba.
Ya zo da takarda mai gurbi goma sha bakwai:
kafin ka karɓi gwangwanin gam
sai mutum uku sun sa hannu,
na ukun kuwa kullum ya fita cin abinci.
Ya tara mu ranar Talata, awa uku cur,
ya rubuta ƘIRƘIRA a allo da manyan baƙi.
Kekunan ɗinki suka huce, kofi ya huce,
muka tafa, muka koma
inda muka tsaya jiya.

Casilda ba ta ce uffan ba a taron.
Ita ke ɗinka fuskar takalmi, can ƙurya,
gwiwarta ta hagu ta daɗe da yi mata tawaye.
Mai lafiya bai san tsawon ɗaki ba,
ita ta sani:
daga kekenta zuwa teburin gam
taku arba'in da ɗaya,
sau talatin a wuni, ban da dawowa.

Ranar Asabar da aka tashi, aka kashe fitilu,
ta kira jikanta Fermin, mai shara.
Ya ja, ta tura, teburin na kuka,
har ya zo tsakiyar masu ɗinki ya tsaya.
Ta samo gwangwanin barkono da aka yar,
ta huda murfin, ta soka buroshi ta ciki,
don kada gam ya bushe kafin azahar.
Ta zagaye ƙafafun teburin da alli.
Shi ke nan. Ta tafi ta kama motar gida.

Litinin, Nemesio ya tsaya, jijiyar wuya ta miƙe:
Wa ya ba da izini?
Ya duba gurbi goma sha bakwai ɗin nan kaf,
babu gurbin matsar da tebur.

Tsoho Evaristo ya sauko, yana dogara sanda.
Bai tambayi kowa ba.
Ya taka daga keken Casilda: ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Ya daɗe yana kallon allin.
Sannan ya ce in miƙo masa guduma.

Bugu biyu, koren akwati ya buɗe baki.
Yana, tikitin bas, matacciyar ƙuda,
da wata takarda da ta koma ruwan ƙasa,
rubutun fensir, ya kusa gogewa:
A matso da teburin gam, don Allah.
Casilda.
Kwanan watan ya girmi Fermin da shekara biyar.

Ba wanda ya tafa.
Na ji kunya ta kama ni, ban san ta mece ce ba,
ni ma na yi ta wuce teburin nan, da ƙafafuna lafiyayyu.

Yanzu takardar gam gurbinta biyu.
Nemesio ya daina kiran taron Talata.
Yakan jawo kujera kusa da mai ɗinki
ya ce, ina ne ke ciwo?
Wani lokaci a faɗa masa, wani lokaci a share shi.

Gwiwar Casilda ba ta warke ba.
Jiya na gan ta ta nufi famfo,
leɓɓanta na motsi.