Bakwai Mai Ɗamara

Ranar Litinin muka kai shi,
ni da ubansa, da takardar haihuwa a leda.
Hedimasta ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa,
ya ce, wannan wane irin Turanci ne?
Muka ce na Tawa ne, ranka ya daɗe,
can haka ake rubutawa.
Ya ɗauki biro ya gyara abin da bai lalace ba.
Zabeirou ya shiga ofis,
Zubairu ya fito.

A gida ɗan aji huɗu ne.
Nan Gangare aka ce aji biyu,
sai kunnensa ya buɗe.
Gwiwarsa ta fi benci tsawo.
Na saya masa rigar sanyi a gwanjon Taminus,
hannunta ya wuce yatsu,
na naɗe sau biyu, na ce za ka girma a ciki.
Yaron da rana ta raina,
ga shi yana hura tafin hannu a watan Agusta.

Kwana uku bai ce uffan ba.
A na huɗu fitsari ya matse shi,
ya ɗaga yatsa yadda aka koya masa a lakwal,
ya ce, Mushe.
Aji ya fashe.
Malam Dachung ya ajiye alli,
ya ce, wa kake kira mushe?

Ya dawo da ƙafa, jaka a ka,
bai taɓa tuwon ba.
Inna, ashe nan mushe abin da ya mutu ne kawai.
Na sani, ɗana. Mantawa na yi in faɗa maka.
Hausa ɗaya muka ɗauko,
ban san ita ma tana da shingen kwastan ba.

Washegari ubansa ya rufe teburin gyaran agogo,
ya tafi da hula a hannu.
Ya ce, Malam, a wajenmu girmamawa ce.
Malam ya yi shiru,
sai ya yi dariya har ya dafa bango.
Ya ce, ni ma ranar da na fara makaranta
ba Hausa a bakina, ba Turanci,
kakata ce ta tsaya a taga har aka tashi.

Lissafi ne ya fara gane shi.
Shi ba ya tambayar mutum garinsu.
Sai dai bakwai ɗin Zabeirou na da ɗamara a ƙugu,
jan biro ya kewaye ta sau tara a shafi guda,
amsa kuwa duk daidai.
Wani Davou da ke gefensa ya leƙa,
ya sake leƙawa,
ya turo masa rabin soyayyen dankali
ta ƙarƙashin benci.
Shi ya ba shi dabino uku daga guzurin da ya rage.
Ban san da wane harshe suka yi cinikin ba.

Yanzu zango na biyu ya kusa ƙarewa.
Da asuba yana rera taken ƙasar da ba a haife shi ba
yana goge takalmi,
ƙanwarsa Balkisa na bin sa da abin da ta tsinta.
Jiya na ce, tahi ka sayo gishiri.
Ya ce, Inna, tafi ake cewa.
Na ce to.
Na juya ga murhu,
hayaƙi ne, ba komai ba.

Da dare, sun yi barci,
na buɗe littafinsa a hasken waya.
Ban iya karatu ba, amma na san zanen gida.
Ga su nan a layi,
kowace bakwai da ɗamararta,
Malam kuma ya daina kewayewa.