Ƙafa Uku a Kan Dutsen Birni

Bara hannuna ya fara rawa.
Ba tsoro ba, ba yunwa ba,
shekara hamsin da takwas ce ta zo karɓar bashinta.
Na ɗauki shamuwa a kan dutsen Birni,
tsuntsu ɗaya ya fito uku,
kuma cikin ukun babu mai ido.

Sai na saya wa kamara abin tsayawa, mai ƙafa uku,
jika bakwai, cikin kwali mai rubutun zinariya.
Ƙafafunta sirara kamar na zalɓe,
na yi ta yabonta don ba ta da nauyi.
Ran da hadari ya haɗo daga wajen Mirriya
iska ta taɓa ta sau ɗaya,
ta durƙusa kamar raƙumin da aka ja wa akala.
Gilashi ya tsage.
Araha ba ta ado, haka ne,
ba ta kuma biyan diyya.

Ran Alhamis na shiga Kasuwar Dole,
rumfar Kyari, bayan masu gyaran rediyo.
Ya jera mini huɗu a ƙasa, ya koma kan shayinsa.
Ya ce, "Mutari, kada ka tambaye ni,
ni mai sayarwa ne. Tambaye su."

Na buɗe ta farko, na danna da tafin hannu,
ƙafa ɗaya ta shige cikin 'yar'uwarta.
Ta biyu na murɗa kanta, ta yi ƙara irin ta tsohuwar ƙofa,
maƙullanta roba, rana biyu a zafin Damagaram sun gama.
Ta uku baƙa ce, mai sheƙi,
ba nauyi, ba motsi, ba abin kushewa.
Na tambayi kuɗi.
Ya faɗi abin da zai sayi rago biyu har da igiya.
Na mayar da ita a hankali, kamar jaririn wani.

Ta huɗu fa?
Fenti ya ɓare, an ɗaure jakarta da tsumma,
takalmin ƙafa guda ya ɓace.
Wai ta wani mai awon filaye ce da ya bar aiki.
Na ware ta, na jingina da dukan jikina.
Ba ta ce komai ba.
Notinta ƙarfe, na san inda zan sami irinsa.
Ƙarƙashin wuyanta akwai ƙugiya.
Tsayinta ya kai idona ba tare da na zaro sandar tsakiya ba,
bayana ya yi hamdala tun kafin bakina.

Ashirin da biyar.
Sha biyar.
Albarka.
Muka yi shiru, muka sha shayi na biyu.
Sha tara ta raba mu.
Lawali mai faci ya yanka mata takalmi daga tsohuwar taya,
bai karɓi ko dala ba.

A gida Habsu ta zagaye ta tana dariya:
"Murhu ka sayo, ashe.
To, tukunya ba ta tambayar dutse ko kyakkyawa ne,
in dai uku ne, in dai sun zauna."

Yau na hau dutsen da ita a kafaɗa,
na huta sau biyu, na zage ta sau ɗaya.
Na kafa kowace ƙafa a tsagar da ta yarda,
na cika jaka da tsakuwa, na rataya a ƙugiya.
Gabas ta yi baƙi. Rigata ta fara kaɗawa.
Ƙasa da ni, rufin Zango yana canza launi,
wata mata na gudun kwashe shanya.

Shamuwa ta sauka, ta gyara tsayuwa a ƙafa ɗaya,
ita da ba ta taɓa shiga kasuwa ba.

Na danna maɓalli, na janye.
Daƙiƙa goma kafin kamara ta ƙifta.
Na sa hannayena a aljihu,
can suka yi ta rawarsu,
ba wanda ya gani.