Wanda Ya Riga Mu Girbi

Watan shida, ruwa bai ɗauke ba tun Litinin.
Na hau tudunmu da ƙararrawa a ƙugu,
tana sanar da mai dajin cewa ga ni nan tafe,
kada mu yi kiciɓis, kada ɗayanmu ya yi abin kunya.

Ƙanshi ne ya fara tarbata,
ƙanshin ɗanyen katako,
kamar an buɗe shagon kafinta a inda babu kafinta.
Sai na ga itacen.
An yaye masa ɓawo daga gindi har ya zarce kaina,
ɓawon na reto kamar zanen da aka fizge,
farin jikinsa a waje, yana naso.
Ga sawun haƙora, layi bayan layi,
irin na mai kankarar ƙanzo a gindin tukunya.

Goma sha ɗaya na ƙirga.
Na sake ƙirgawa, ko lissafi zai ji tausayina.
Sha biyu.

Babana Tokuji ya dasa su shekarar da aka haife ni.
Kwandon dashe a baya, yana hawa da hannu da gwiwa.
Ya ce: Shigeno, itacen sugi ba ya gaggawa.
Ni in dasa, ke ki yi sassabe, ɗanki ya sare.
Ɗana yana Nagoya, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki.
Ya ce kuɗin gungume ɗaya
bai kai na motar da za ta sauko da shi ba.

Baƙin beyar ba ya duba farashi,
amma ya fi dillali ido.
Karkatacce ya wuce shi. Tsamurarre ya wuce shi.
Sai miƙaƙƙe mai kauri,
wanda muka sare maƙwabtansa don ya sha rana,
wanda na daddatse wa rassa ina budurwa
har tsani ya bar mini tabo a ƙwauri.

Yaron nan na ofishin gandun daji, Harunobu,
ya ce wanda ya fi samun rana ya fi zaƙi a ƙarƙashin ɓawo.
Ashe shekara sittin da takwas
muna yi wa wani girki ba mu sani ba.

Ban faɗa wa yaron ba:
kafin sugi, tudun nan na buna da nara ne,
masu zubar da ƙwaya har ƙasa ta ɓace.
Babana ya kwantar da su da gatari,
aka yi gawayi, aka saya mini takalmin makaranta.
Wanda aka ƙwace wa akushi
ai ba zai tsaya neman izinin tukunya ba.

Yanzu sai igiyar leda, shuɗiya.
In zagaya gindi, in gicciya, in ɗaure,
wai tana sarƙe masa farce ya haƙura.
Arba'in nake yi a wuni in kafaɗa ta yarda.
Itatuwa dubu huɗu ne.
Ba na son wannan lissafin.

Abin da ya fi ci mini rai,
wanda aka yaye bai san ya mutu ba.
Zai tsaya kore shar har dusar ƙanƙara ta zo ta tafi,
sai baɗi, daga tagar kicin,
in hango kansa ya yi ja a cikin 'yan'uwansa.

Na zauna a kan kututture na ci dunƙulen shinkafata.
A jikin ƙaro akwai baƙin gashi guda uku, sun maƙale.
Na duba hagu, na duba dama,
na sa farce na kankari farin nan,
na kai baki.

Zaƙi, ɗan kaɗan, can ƙasan harshe.
Tun ina goye nake a gindinsu
ban taɓa sanin ɗanɗanonsu ba.

Ruwa ya ƙaru.
Na ɗauki igiya, na nufi na sha uku.